Kwandon da Wuta Ke Ɗagawa Sama a Kapadokiya

Duk wanda ya saba zuwa Istanbul saro kaya ya san hoton nan da ake liƙawa a bangon otal: manyan balan-balan masu launi iri-iri sun cika sama a kan wasu duwatsu masu tsini. Wurin Kapadokiya ne, a tsakiyar Turkiyya. Na je, na hau, kuma gani ya kori ji.

Tun kafin gari ya waye ake kwasar fasinja daga garin Goreme, domin da asuba iska take kwanciya, da zarar rana ta gasa ƙasa sai ta fara kaɗawa. A filin tashi na tarar da ƙaton yadin nailan shimfiɗe a ƙasa, an ɗaure bakinsa da wani kwando da aka kwantar. Ma'aikata suka kunna fanka mai inji ta cusa masa iska har ya kumbura. Sannan matuƙi ya buɗe gas, harshen wuta ya yi ruri ya shige ciki. Nan da nan abin ya miƙe tsaye ya jawo kwandon. Muka shiga, mu wajen 20.

Me ya ɗaga mu? Ba inji, ba fiffike. Sirrin shi ne iskar nan da muke ɗauka ba komai ba ce tana da nauyi. Kubik mita ɗaya na iska, a zafin digiri 20, ya kai kilo 1.2. Idan aka gasa ta zuwa digiri 100 sai ta buɗe, wata ta fice ta bakin balan-balan ɗin, abin da ya rage ya koma kimanin kilo 0.95. Ribar ke nan, wajen giram 250 kacal a kowane kubik mita. Shi ya sa dole yadin ya zama ƙato: kafin a ɗaga tan ɗaya sai an gasa iska kusan kubik mita 4,000. Wanda ya taɓa danna gora cikin kogi ya ga yadda ruwa ke turo shi sama ya riga ya fahimci lamarin. Iska mai sanyi da ke kewaye ita ce ruwan, balan-balan shi ne goran. Wannan ƙa'ida Arkimidis, masanin Girka, ya bayyana ta tun sama da shekara 2,000 da suka wuce.

Waɗanda suka fara ƙera abin ma ba su gane haka ba. 'Yan'uwa biyu ne masu masana'antar takarda a Faransa, Joseph da Etienne Montgolfier, kuma sun zaci hayaƙi ne ke ɗagawa. A watan Satumba na 1783 suka tura tunkiya da agwagwa da zakara sama a gaban sarki a Basai, suka sauko da rai. Ranar 21 ga Nuwamba na shekarar mutum biyu suka tashi a Paris, suka yi kimanin minti 25 a sama.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne matuƙin ba shi da sitiyari. Iko biyu gare shi: ya hura wuta mu hau, ko ya ja igiya wata ƙofa ta buɗe a ƙoƙon yadin, iska mai zafi ta fita, mu sauko. Dama da hagu kuwa na iska ne. Ashe iskar hawa-hawa take, ta ƙasa na iya nufar gabas, ta bisanta ta karkata arewa. Sai ya hau ko ya sauka ya nemo wadda ta nufi inda yake so. Kuma abin ba ya amsawa nan take, sai an yi daƙiƙoƙi bayan hura wutar, don haka kullum lissafin gaba yake yi. A wurina wannan gwaninta ta cancanci girmamawa ƙwarai.

Da ita ya zura mu cikin kwari har muna kallon ƙofofin da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse: ɗakuna, majami'u, da gidajen tattabarun da manoma ke kwasar kashinsu don taki. Duwatsun toka ce ta aman wutar tsaunuka irin su Erjiyes, ta daskare, ruwa da iska suka zaizaye ta. UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 1985. Daga nan muka yi sama ɗaruruwan mita, ko hucin iska ba na ji a fuska, tunda tare da ita muke tafiya. Subhanallah!

Wajen sauka aka ce mu durƙusa mu riƙe igiya. Kwandon saƙa ne da gangan, domin yana lanƙwasa ya shanye bugun ƙasa.

Mai niyyar zuwa, kada ka ware kwana ɗaya tak. Hukumar jiragen saman Turkiyya ce ke ba da izinin tashi kowace safiya, kuma ranar da iska ta yi ƙarfi babu wanda ke barin ƙasa.