Rigar Matse Ƙugu ta Matan Ingila

Wanda duk ya dubi hotunan matan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne ƙugu, siriri kamar na zanzaro. Ba halitta ba ce. Aikin wata rigar ciki ce da ake kira koset, wadda mace kan ɗaura bisa 'yar shimi tun da safe, ba ta kwance ta sai za ta kwanta.

Ɗinkinta ya fi kusa da gini. Akan yanka ƙyalle mai ƙarfi, wanda ba ya miƙewa, gunduwa-gunduwa, kowace da lanƙwasarta, ta yadda in an harhaɗa su rigar da kanta za ta fito da siffar da ake so tun jiki bai shiga ba. Sa'an nan a ɗinka ƙananan kwararo a tsaye, a zura musu tsinkaye. Tsinkayen nan Turawa suna ce musu ƙashin kifi, alhali kuwa ba ƙashi ba ne. Wani abu ne mai kama da ƙaho da ake cirowa daga bakin ƙaton kifin teku, wanda ɗumin jiki ke tausasawa har ya bi siffar mai shi. Da ya yi tsada, sai aka koma ga ƙarfe. A gaba akwai maɓallan ƙarfe, a baya kuma igiya ce ke ratsa huji biyu-biyu. Ƙananan zobban ƙarfen da aka fara sa wa hujin nan wajen 1828 su ne suka sauya al'amari, domin daga nan ana iya jan igiya da iyakar ƙarfi ba tare da ƙyalle ya yage ba.

To, ina naman yake tafiya? Ba ya ɓacewa, ƙaura yake yi. Tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu babu ƙashi sai na gadon baya, saboda haka nan ne wurin da ya fi matsuwa. Kitse ya gangara ƙasa ko ya haura sama, haƙarƙarin ƙasa su rankwafo ciki, numfashi kuma ya koma can saman ƙirji. Yarinyar da aka fara ɗaure wa ita tun ƙashinta bai ƙosa ba, haƙarƙarinta kan girma a lanƙwashe, naman bayanta ya yi rauni don ya saba da jingina. Wannan shi ne ainihin abin takaicin, ba ta da bakin cewa a'a.

Likitocin zamanin sun ɗora wa rigar cututtuka barkatai, har da tarin fuka, wanda a 1882 aka tabbatar ƙwayar cuta ke kawo shi. A 1881 ma an kafa ƙungiya a Landan don neman sutura mai sauƙi ga mata. Sai dai Valerie Steele, a littafinta na 2001 kan tarihin rigar, ta nuna cewa masu matsewa fiye da kima 'yan kaɗan ne. Galibi, har da 'yan aikin gida da masu aikin masaƙa, daidai wa daida suke ɗaurawa, don ta tallafi ƙirji ta kuma ɗauki nauyin tulin tufafin da ke rataye a ƙugu. Amma macen da ta fita ba tare da ita ba, a idon jama'a ta zubar da mutuncinta.