Fulawa a tukunyar ɗan wake

Masu karatu, a Bonkuku da sauran garuruwan Dallol Boso har zuwa Filinge, sunan abinci shi ne shaidarsa tun zamanin kakanni. In an ce fura, hatsi ne. In an ce ƙosai, wake ne. Ɗan wake kuwa garin wake ne da na rogo ko dawa, kuka da kanwa su haɗa kansu. To, yau garin alkama, wato fulawa, ya shiga waɗannan tukwane ba sallama, suna kuma bai sake ba.

Ban ga laifin mata ba. Wake sai an jiƙa, an surfa, an kai inji. Fulawa kuwa awo guda a kanti, an gama. Ga ta da danƙo, ƙullu ba ya watsewa a ruwan zafi. Wannan danƙo shi masana ke kira gulutan. Yana cikin alkama da sha'ir, babu shi a hatsi, dawa, shinkafa, wake, rogo, ko dankalin turawan nan da Bonkuku ta yi suna da shi. Shi ke riƙe iskar yis har burodi ya kumbura. Amma ƙosan da aka ƙara wa fulawa nauyi yake yi, ɗan wake kuma ya koma kamar roba a baki.

Da ɗanɗano ne kaɗai, da na yi shiru. Ɗiyar ƙanwata ta yi shekara biyu tana zawo, ciki a kumbure, jiki ba ya gaba. An ce haƙori ne, an ce tsutsar ciki, an ce sammu. Sai a Yamai likita ya gano cutar siliyak: hanjinta ba ya jure gulutan, ko kaɗan ta ci sai ya lalata bangon hanjin, abinci ya wuce bai amfane ta ba. Maganin ɗaya ne, barin alkama har ƙarshen rai. A duniya ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100 ke da ita. Kada a ce ciwon Nasara ne. A 1999 wani bincike kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda garin alkama ya zama abincin yau da kullum, ya sami fiye da 5 cikin 100 da ita.

Hana yarinyar burodi da fanke da taliya bai yi wuya ba, domin kowa ya san alkama ce. Wuyar tana wajen waina da ɗan waken maƙwabta da na bakin tasha. Ka tambayi mai sayarwa, ta ce: «Wallahi Alhaji, wake ne zalla, sai ɗan abin da na barbaɗa don ya kama jiki.» Wannan barbaɗe kan kwantar da yarinya kwana uku.

Ku ƴan kasuwa kun tuna yadda buhun fulawa ya tashi bayan karyewar sefa a Janairun 1994, da kuma 2022 da yaƙin Ukren. Galibin alkamar da muke ci daga ƙetare take, alhali a kantunan Faransa garin da babu gulutan ya fi na alkama tsada.

Ƙanwata ta ware wa ɗiyarta turmi da rariya da tukunya. Ɗan waken gidan ya koma wake da rogo da kuka, kuma maigidan, wanda ya fi kowa gunaguni da farko, yanzu shi ke sayo kanwa ran kasuwa.