Motocin Da Ke Atishawa Da Gangan

Tsofaffin bakanikai da kunne suke fara aiki kafin su ɗauki sifana. A wurinsu kowane sauti da ya fito daga inji magana ce. Ƙwanƙwasa daga ƙasa tana nufin ƙarfe ya soma cin ƙarfe, tsuwa daga gaba tana nufin belet ya saki, harbi daga salansa kuwa alama ce wuta ba ta zuwa a kan kari. Burin mai sana'a shi ne ya miƙa wa mutum motarsa ba ta cewa uffan. A kan wannan tarbiyya na tashi, gama na yi shekaru ina yaron gareji kafin alƙalami ya ɗauke ni. Shi ya sa abin da kunnena ke ji da dare a manyan titunan Ikko yake ɗaure mini kai, watau samari suna zuba kuɗi masu kauri don kawai motocinsu su riƙa atishawa.

Mai karatu ya san sautin ko da bai san sunansa ba. Mota za ta taho a guje, da direba ya ɗaga ƙafa zai canja giya sai ka ji "fisssh", kamar an huda taya. Wata kuma sai ta yi "tu-tu-tu-tu", kamar tashin tattabaru. Duka biyun daga turbo suke, amma ba uwarsu ɗaya ba.

Shi dai turbo zuga-zugin maƙeri ne aka yi wa mota. Farfela biyu ne a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyun, wadda ke danna iska cikin inji da ƙarfi. In iska ta yawaita aka ƙara mata fetur daidai, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma ba ta shiga ƙananan motocin sayarwa ba sai 1962, sa'ad da aka fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair a Amurka. Porsche 911 Turbo ta biyo baya a 1975. Farfelar nan takan juya fiye da sau 100,000 a minti guda, ƙanana ma har su haura 200,000. Daga nan siririn fiton nan yake fitowa, wanda kowa ke ji a jikin tirela in ta ɗauko kaya daga Apapa. Wannan fito na aiki ne, ba ni da ja a kansa.

To, ina atishawar ta samo asali? A injin fetur akwai wata 'yar ƙofa da totur ke buɗewa da rufewa. Direba na ɗaga ƙafa sai ta rufe ruf, alhali farfela tana nan tana juyi, tana ta turo iska. Iskar ta iske ƙofa a rufe, ba ta da wurin zuwa, sai ta juyo ta bugi farfelar da ta turo ta, ta kuɓuce ta baya, matsi ya sake taruwa, ta sake kuɓucewa. Wannan kai-komo shi ne "tu-tu-tu" ɗin da samari ke tafa wa. Ni a kunnena kukan wahala ne, domin kowane bugu a kan boris ɗin sandar yake sauka, kuma gwargwadon yawan matsin gwargwadon nauyin bugun. Wasu sukan ce ai bawul ɗin ɓangaren hayaƙi ne ke karkarwa. Ba shi ba ne. Shi wancan aikinsa ya karkatar da hayaƙi don kada matsi ya wuce kima.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne wani ɗan bawul mai sifirin, wanda ke buɗewa da zarar ƙofar totur ta rufe, ya ba iskar hanya. A motar da ta fito daga kamfani, tiyo ne ke karɓar iskar ya mayar da ita gaban turbo, ta sake zagayowa, ba wanda ya ji. Masu gyare-gyare kuwa sai su cire wannan su sa wanda ke watsar da iskar waje. Ga atishawa ta samu.

Al'adar a ƙasar Japan ta yi ƙarfi, inda kamfanoni irin su HKS, wanda aka kafa a 1973, suka mayar da ƙera kayan ƙara wa mota gudu babbar sana'a, har sukan siffanta bakin bawul yadda zai ba da irin muryar da mai saye ke so. Motocinsu su ne Nissan Skyline GT-R da Toyota Supra da Subaru Impreza WRX da Mitsubishi Lancer Evolution. Fim ɗin nan na Amurka, The Fast and the Furious, da ya fito a 2001, shi ya kai sautin kunnen yaran duniya, namu ma ba a bar su a baya ba.

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya zo mini da wata mota 'yar Jamus, ta hannu, mai turbo, lafiyarta lau. Bayan mun gaisa sai ya yi ƙasa da kai ya ce, "Kawu, rakiya nake so ka yi mini zuwa Ladipo, a sa mini bawul ɗin nan, an ce yana ƙara doki." Na ce, "Yaro, wa ya gaya maka iskar da aka zubar a titi tana tura mota?" Gafara dai mai karatu, Hausawa sun riga sun yanke hukunci tun ba a ƙera mota ba, da suka ce tusa ba ta hura wuta.

Na buɗe bonet na nuna masa wata 'yar na'ura da ke bayan matatar iska. Aikinta ta auna iskar da ta shigo ta gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta zuba fetur bisa lissafi, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. In bawul ya watsar da iskar da aka riga aka ƙidaya, kwamfuta ba ta da labari, sai ta zuba man iskar da babu ita. Mai ya yi yawa ke nan. Daga nan sai baƙin hayaƙi a tsakanin giya da giya, fulogi ya yi ta dauɗa, wani lokaci mota ta mutu a tsakiyar mararraba, abin da ba wanda zai so ya same shi a Oshodi da yamma. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuwa, wanda duk ya ga fetur na fita ɗanye ta salansa ya san abin da ke fita daga aljihunsa. Akwai motocin da matsin iska suke aunawa a bayan ƙofar totur, su wannan matsala ba ta cika damunsu ba, amma su ma ko doki guda ba sa ƙaruwa da shi.

Ba na hana wa samari gaskiyarsu. Sautin yana da daɗi, ni kaina nakan waiwaya. Kuma wanda ya sa turbo babba don filin tsere tilas ya nemi bawul mai ƙarfi, gama na kamfani yakan yi yoyo in matsi ya fi ƙarfinsa. Amma ko shi yana iya mayar da iskarsa ciki. Abin dariyar ma shi ne masu motar gas da ke neman a sa musu, alhali injin gas da yawan mai ake sarrafa shi, ba shi da wannan ƙofa da ke datse iska farat ɗaya. A ƙasa da su kuma akwai masu sayen ɗan usur na gwangwani su cusa a bakin salansar motar da ba ta taɓa ganin turbo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kunne. Turbo ba ya mutuwa sai ya yi sallama. In boris ya soma ci, fiton nan siriri yakan koma kamar jiniya, yana hawa yana sauka da totur. Can sai hayaƙi shuɗi-shuɗi ya bayyana, baƙin mai ya riƙa raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Direban da ya saba da mota mai shiru, ranar farko zai ji, ya kai ta gareji a canja abu kaɗan. Wanda ya cika motarsa da atishawa da harbin salansa kuwa sai ya ɗauka sabuwar murya ta yi, ya ƙara taka totur don abokai su ji. A haka sandar za ta yi ta rawa har fukafukan farfela su goga jikin gidansu, su ɓare, injin ya zuƙe ɓarɓashin zuwa kan fistin.