Tattaki da Kaka a Gaɓar Kwara

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma labarin wata tafiyar ƙasa muka kawo muku, wadda mu jikoki biyar muka yi tare da Baba da Kakarmu a hunturun da ya wuce.

Kaka ce ta tayar da maganar. Tun da sanyi ya fara shigowa take cewa a kai ta ta ga gungunsu. Gungu dai tsibiri ne, daga nan aka samo sunan Gungawa, mutanen da ke kiran kansu Reshe. A wani gungu da ke tsakiyar Kogin Kwara aka haife ta, can ta tasa har ta kusa isa aure. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar zuwa sababbin matsugunai, su Kaka na ciki.

Baba ya ce, "Inna, me za ki gani? Ruwa ne fa kawai."

Ta ce, "Ruwan nake son gani."

Da kwalekwale ne da tafiyar ba ta da wuya, amma Baba ya ce ba zai zuba uwarsa da 'ya'yansa a jirgi ɗaya ba. Tun watan Mayun 2021, da wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 100 ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, yake ɗari-ɗari da ruwan nan. Ga kuma kututturan itatuwan da tafkin ya binne, waɗanda har yau suke fasa jirage. Saboda haka aka tsayar da shawara: babura su kai mu wani ƙauye kudu da Yelwa, daga nan mu bi gaɓa a ƙafa, mu dawo kafin la'asar saboda halin tsaro.

Bayan sallar asuba muka tashi. Hazo ya rufe ko'ina, ba a hango ɗaya gaɓar. Kowa ya shafe ƙafa da leɓe da man kaɗanya, muka ɗauki fura da ƙosai da shayi a fulas. Mun zaci Kaka za mu yi ta jira, sai ga shi ita ce a gaba da sandarta.

Gaɓar tafkin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda ake hangenta daga titi. Duk inda rafi ke gangarowa da damina ya haƙa kwazazzabo, wani ya fi tsayin mutum biyu. Da rani rafin ya ƙafe, sai yashi da duwatsu masu santsi. A na biyu Auta ta zame ta kurje gwiwa, ta ce ita ta fasa. Kaka ta koya mata ta sauka a kaikaice, ta dafa dutse kafin ta sa ƙafa, kada ta kama ciyawa don busasshiya ce, za ta tuge. Daga nan muka riƙa miƙa wa juna hannu, babba a ƙasa, ƙarami a tsakiya.

Mun ratsa gonakin albasa, inda injinan ban-ruwa ke ta ƙara. Kaka ta tsaya ta ce su da ƙwarya suke ɗibar ruwa su watsa wa fangali, tun safe har rana ta take. Gaba kaɗan muka iske zangon masunta, ana bandar tarwaɗa da ƙarfasa, an shanya warangi a rana. Nan yayanmu ya tambayi wani dattijo abin da ke ɗaure mana kai tun muna yara: me ya sa ruwa ke cika da hunturu, alhali an yi wata biyu ba a ga ɗigon sama ba?

Dattijon ya ce, "Ɗana, ai Kwara sau biyu take kawo ruwa. Akwai farin ruwa na damina, mai laka. Wannan da kake gani baƙin ruwa ne, daga nesa yake zuwa."

Da muka dawo muka bincika, muka tarar haka ne. Ruwan saman da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini yakan bazu a manyan fadamun ƙasar Mali, ya daɗe a can, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana garau bayan watanni. Biyu daga cikinmu muna da difloma, amma a bakin masunci muka fara jin wannan.

Wajen hantsi muka hau wani fa da ya leƙa cikin tafkin. Hazo ya ɗan yaye. Kaka ta daɗe tana duban wani dutse a ƙetare, sannan ta nuna tsakiyar ruwa da sandarta.

"Ga shi can."

Babu komai a wurin sai ruwa. Amma ta shiga zayyanawa: nan mashigin jirage, nan tsamiyar da ake cin kasuwa, nan gidansu, can bayan gari kabarin mahaifiyarta. Tana cikin magana sai ta saki Hausa ta koma harshen Reshe. Baba yana tsintar rabi, mu kuwa ko kalma ɗaya. Muka yi sauri muka kunna waya muna naɗar muryarta. Da ta gama ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa tare. A nan muka ga Baba ya juya mana baya yana gyara hula, ya daɗe bai juyo ba.

Da dare muka taru mu saurari abin da muka naɗa. Minti 19, kusan duka hucin iskar hunturu ne. Babu wanda ya zo da biro a cikinmu, mu da ke kiran kanmu marubuta.

Abin ya tsaya mana a rai. Mun duba gajerun labaran da muka kai ƙungiyarmu ta marubuta a shekara biyu, muka ga duk a Abuja ko Dubai suke faruwa, cikin motocin da ba mu taɓa shiga ba. Babu jirgin ruwa ko ɗaya, babu albasa, babu Bagunge. Mungo Park sau ɗaya ya bi ta Yauri a 1806, ya halaka a duwatsun Busa, an cika littattafai da labarinsa. Kakarmu da aka haifa a tsakiyar kogin, aka raba ta da kabarin uwarta, jikokinta ba su rubuta mata layi ɗaya ba.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan zauna a ɗakinta da littafi. Mun cika shafi 40. Baba ne tafinta, shi ma yana tuno kalmomin da ya yi shekaru bai furta ba. Sai dai akwai sunayen wurare biyu da ta ambata a kan fan nan, mun yi juyin duniya ta sake tuno su, sun ƙi zuwa. Takan ce, "Ku mayar da ni can, wataƙila in na gani su dawo." Ƙafarta kuwa ta fara kumburi tun bayan azumi.

'Yan'uwa, hunturu na tafe, lokacin da babu taɓo, rana kuma ba ta da zafi. Wanda ke da tsoho a gida, a Shanga yake ko Ngaski ko wani gari, ya tambaye shi inda yake son a kai shi, ya bi shi a ƙafa in hali ya yi. Ya sa biro da takarda a aljihu, kada ya dogara da waya kaɗai kamar yadda muka yi.

Mu dai mun sa ranar komawa, in Allah Ya ba Kaka lafiya. Ku taya mu da addu'a.