Kwana biyu a gidan gonarmu na Tiga

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya da rani ya san abin da ke faruwa da zarar ya doso Kura. Gonakin da ya baro a baya sun bushe, sai karan dawa da ƙura, amma a gabansa shar yake gani, alkama da tumatir da albasa dama da hagu, kamar damina ta manta ba ta tafi ba. Ruwan da ke wannan aiki daga madatsar Tiga yake zuwa, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. An gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma magudanan da aka haƙa daga gare ta su ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. In kun taɓa cin miyar tumatir a Kano a watan Fabrairu, da wuya a ce ba ku sha ruwan Tiga ba.

A wani ƙauye da ba shi da nisa da madatsar nan gidan gonarmu yake. Marigayi kakanmu ne ya gina shi da jar ƙasa: zaure ɗaya, ɗakuna shida, rumbu biyu, rijiya, da bishiyar mangwaro da ta girmi mahaifina. 'Ya'yansa duk sun watsu, wasu a Kano, wasu a Kaduna, ɗaya a Abuja. Kakarmu ce kaɗai ta ƙi tashi, ita da iyalan ƙaramin baffanmu da ke noma gonar. Amma duk Juma'ar ƙarshe ta watan Disamba, da an sauko daga masallaci, sai a cika motoci a nufi can, ba za a dawo ba sai Lahadi da yamma. Bana mu arba'in da uku ne har da jarirai.

Kada ku zaci wani gidan shaƙatawa ne irin na fim. Maza matasa a zaure muke kwana kan tabarma, ga sanyin hunturu na bakin ruwa mai shiga ƙashi. Babu wutar lantarki, sai farantin sola ɗaya da ake layin cajin waya a kansa. Sabis kuwa sai an hau tudun bayan gida, shi ma sanda ɗaya. Ranar farko za ka ga 'yan birni suna ta sintiri zuwa tudun nan, fuska a murtuke. Zuwa Asabar da hantsi kowa ya haƙura, to a lokacin ne ake fito da kayan wasa.

Yara lido suke fara ɗauka, ana ta ihun neman siki. Wasan nan ashe baƙo ne da ya yi doguwar tafiya: asalinsa wani wasan Indiya ne mai suna pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista a 1896. Gwaggonnina kuma suna tsakar gida da dararsu ta katako mai gurbi goma sha biyu, 'ya'ya huɗu-huɗu a kowane gurbi, suna zubawa suna lissafin wanda ya kamata a aurar a dangi. Amma wasan da ke tara jama'a shi ne darar maza a gindin mangwaro, kuma ita nake so in ɗan tsaya a kanta, don na lura da yawa daga cikin ɗaliban birni sunanta kawai suka sani.

Ba a sayen komai. A ƙasa ake tona gurabu talatin, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya goma sha biyu: wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan ya kakkarya tsinke. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin dasawa ba a yarda ka jera uku ba. In an gama sai a fara tafiya, taki ɗaya kacal, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasa. In huɗu suka jeru ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ƙare har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi.

Da jin ƙa'idar za ka ce ai wannan wasan yara ne. Zauna a gaban tsoho ka gani. Gwanaye tun wajen dasawa suke gama da mutum, domin suna neman abin da 'yan dara ke kira doki: tsarin da ɗa ɗaya zai riƙa kai da komowa tsakanin gurabu biyu, in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika wasu ukun. Wanda aka hau wa doki sai dai ya zuba ido ana tsince masa 'ya'ya. Ni a ganina, ɗalibin da ya iya hango taki huɗu a gaba a kan dara ba shi da dalilin tsoron lissafin aji.

Bana wanda ya ba kowa mamaki ɗan ƙaramin baffanmu ne, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandaren ƙauyen. Ya kayar da yayanmu mai karatun injiniya sau uku a jere, ko ɗaga kai bai yi ba. Babban baffanmu ya gyara zama ya ce, "Matso nan, ɗana, in ga ko da gaske kake." Yaron ya durƙusa ya ce, "Baffa, ku fara dasawa." Sun fi rabin awa, har aka kira la'asar wasan bai ƙare ba, aka kifa ƙwarya a kan gurabun don kada kaji su tone. Bayan salla Baffa ya ci da ƙyar, da 'ya'ya huɗu a hannunsa, ya zaro sabuwar naira dubu ya ba yaron. Kafin ranar, wasu cikin 'yan uwanmu na Abuja ko sunan yaron nan ba su riƙe ba. Da daddare su ne ke binsa da tocila ya koya musu dasawa.

Abinci ba sai na ja zance ba. Tuwon dawa miyar kuka da man shanu, karfasa da tarwaɗa daga masuntan Tiga, fura da nono daga rugar da ke kusa. Madatsar kanta mun je gani da safiyar Asabar, hazo ya rufe ɗaya gaɓar har ba ka ganin ƙarshen ruwan. Kakarmu ta kafa doka tun da daɗewa cewa babu jikanta da zai sa ƙafa a ciki, kuma ba a taɓa karyawa ba.

Sai dai taron bana ya zo da magana mai nauyi. Bayan isha'i manya suka shiga zaure suka kore mu, amma katangar ƙasa ba ta riƙe sirri. Tun rasuwar kakanmu ba a raba gadon gonar ba, yanzu kuma wani mai kuɗi ya taya ta har da gidan. Baffanmu na Kaduna yana so a sayar. Ba na ganin laifinsa: 'ya'yansa uku ne a jami'a, ya yi ritaya, kuma rabonsa haƙƙinsa ne da addini ya ba shi. Ƙaramin baffanmu kuwa gonar ce abincinsa. Gwaggo ta tambaya, in aka sayar, a falon wa mutum arba'in za su kwana? Ba wanda ya amsa mata. Kakarmu, wadda aka ce ba ta ji sosai, ta aiko daga ɗaki cewa duk abin da za a yi a bari sai an fitar da ita tukuna.

Abin da aka tsayar shi ne a kira malami ya lissafa rabon kowa a rubuce, sannan 'yan uwa su gwada haɗa kuɗi su sayi rabon Baffan Kaduna, gonar ta zauna a gida. An ba juna wa'adi zuwa kaka mai zuwa. In kuɗin bai haɗu ba za a yanki gefen da ke bakin hanya a sayar, a bar gidan da abin da ya rage. Mu jikoki ba a tambaye mu ba, amma mu bakwai da ke jami'a mun yi namu zaman a gindin mangwaro, muka amince kowa zai riƙa ajiye naira dubu biyu a wata. Ba za ta sayi ko kunya goma ba, mun sani. Rufin zauren da ke yoyo muke so mu gyara kafin damina, kuma ɗan baffan nan mai dara muka ba ajiyar littafin lissafin.