Ruwan Wanka a Hunturu

Idan hunturu ya kama a Batsari, ba mai yarda da ruwan randa da asuba. A da, da icen dajin Rugu muke ɗumama ruwan wanka. Yanzu da shiga dajin ya zama kasada, tun daga nan har Runka da Safana, ƙaramar tukunyar gas ta samu wurin zama a gidanmu.

Tana da nata halin kuwa. In wuta ta fito rawaya tana baƙanta gindin tukunya, iska ce ba ta ishe ta ba. Galibi ƙura ce, ko miyar da ta zuba, ta toshe ƙananan ramukan kan murhun. Nakan kwance shi, in goge da tsohon buroshin haƙori, in mayar, har wutar ta koma shuɗiya.

Wari kuma maganarsa daban. Gas ba shi da wari, da gangan ake sa masa don hanci ya gane yoyo. In na ji warin, ashana ba ta kusantar wurin. Ruwan sabulu nake kaɗawa, in shafa a mahaɗa, in tsuguna ina duban inda kumfa za ta taso. Inna dai ba ta yarda a kunna a ɗaki ba, sai tsakar gida, komai sanyi.