Tsuntsayen Bayan Masana'antu

Aminina,

Yaya Maraɗi, yaya sanyin bana, kuma yaya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan Kano sai godiya, hunturu ya sauka da ƙurarsa, leɓe duk ya tsattsage, yara kuwa sai an yi da gaske kafin su rabu da bargo.

To, labarin da na ce zan ba ka ke nan. Kallon tsuntsaye muke fita yi ranakun Asabar da zarar an idar da sallar asuba. 'Yar ƙungiya ce da ba ta da ofis ba ta da allo a ƙofa, malaman makaranta ne, da ɗaliban jami'a masu karatun ilimin halittu, da wani dattijo mai gadin wata masaƙa da ta daɗe a rufe, sai kuma yaran unguwa da ke biyo mu. Madubin hangen nesa kaɗan gare mu, karɓa-karɓa ake yi, da littafin hotunan tsuntsaye guda da bangonsa ya gaji. Inda muke zuwa kuwa shi ne zai ba ka mamaki, domin ba Falgore ba ne, ba Tiga ba, nan bayan katangun Sharaɗa da Challawa da Bompai muke zagayawa, wuraren da ni da kai muka sani da hayaƙi da jiniyar tashi daga aiki.

Kai da ka yi shekaru a masaƙa a Bompai, da ka ga wurin yanzu da ka yi shiru. Masana'antu da yawa sun rufe, darbejiya ta tsiro a harabarsu har ta fasa siminti, hasbiyoyi sun mamaye rufin kwano, cilakowa na kuka a kan tsofaffin maɗatai na bakin titi. A cikin irin wannan haraba ne, dattijon nan ya buɗe mana ƙofa, muka tarar da alhudahuda a ƙasa yana caccakar turɓaya da dogon bakinsa siriri, jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa mai ja, fukafukan kuma zane-zanen baƙi da fari. Wata yarinya 'yar Islamiyya ce ke riƙe da madubin, sai tsuntsun ya ɗago kai ya baje tukkunsa gaba ɗaya, ta yi salati da ƙarfi har ya tashi. Ta san shi a labarin Annabi Sulaiman, ta karanta a Suratun Namli, amma ba ta taɓa zaton yana nan garinmu yana kiwo a bayan katanga ba. Wallahi ranar na koma gida da farin ciki, ita kuma tun daga nan ba ta fashin fita.

Sai dai, abokina, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Ka san yadda yake tafiya. Dattin Bompai rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, ya gangara har dam ɗin Wasai a Minjibir. Na Sharaɗa rafin Salanta ke kwashewa, na Challawa kuma kai tsaye kogin Challawa yake shiga. To Challawa ɗin nan, wanda tun farkon shekarun 1930 ake jawo wa Kano ruwan famfo daga gare shi, shi ne ke haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda matatar ruwan shanmu take, daga nan su zama kogin Haɗeja su nufi fadamun Haɗeja da Nguru. Kakanninmu na unguwar Majema da bagaruwa suke jima, fatar jan akuyar da suka jeme har ƙetare hamada take yi, Turawa na kiranta fatar Maroko. Majemun zamani kuwa da gishirin kuromiyam suke aiki, da wasu magungunan cire gashi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma idan ba a tace ruwan ba haka yake fitowa, wani lokaci baƙi, wani lokaci shuɗi-shuɗi da kumfa a kai.

Tsuntsaye ne suka nuna mini girman abin fiye da yadda hanci ya nuna. A bakin magudanar da ke fitowa daga majemu, belbela za ka gani, da hankaka, da shirwa tana shawagi a sama. Na daɗe tsugune ina kallon wata belbela tana tsintar tsutsa a kan tarin yankakkun fatu, ƙirjinta da ya kamata ya zama fari tas ya rine ya koma toka-toka, ƙafafun sun yi dumu-dumu da laka mai maiƙo. Ita dai belbela ci da motsin wani ce, ko'ina ta samu za ta ci. Amma masu cin kifi ba ka ganinsu a nan, saboda kifin babu. Sai ka yi nisa, ko ka haura sama da inda dattin ke shiga, ko ka gangara can inda ruwa ya yalwata, sannan za ka ga zalɓe tsaye a ruwa, da zakaran ƙeƙuwa na ta ƙararsa a kan yashi, da garken kirinjijiya suna fito in sun tashi, da ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fukafukai kafin ya faɗo ruwa ya cafke kifi. Kogi ɗaya ne, tafiyar ƙafa ce tsakani, kuma ko yaro ya ga bambancin ba sai an yi masa bayani ba.

Kada ka ɗauka ina so a rufe majemu. Ina! Maƙwabtana nawa ne ke ci daga nan, kuma mun ga abin da rufewar masaƙu ta yi wa gidaje, kai ma shaida ne. Abin da nake so kawai a tace ruwan kafin a sake shi, kuma ba sabon zance ba ne, tun 2007 aka kafa hukumar NESREA domin irin wannan. Masu lambu a gefen Jakara da ruwan nan suke ban-ruwa, latas da alayyafo da karas ɗin kuwa kasuwanninmu suke zuwa, tukwanenmu suke shiga.

Af, na manta ban faɗa maka ba, fitar tamu ba yawo kaɗai ba ne. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015 ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, sai mutum ya shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji, ya tura ta waya da manhajar BirdLasser. Ɗalibanmu ne gwanayen wannan, mu namu ido da kunne. Kuma ashe ba mu muka fara ba, wani ɗalibi ya kawo mana kwafin jerin tsuntsayen Jihar Kano da wasu Turawa biyu, Sharland da Wilkinson, suka buga a mujallar Malimbus a 1981, lokacin Jigawa na cikin Kano tukuna. Shi Sharland ɗin ya daɗe a Kano yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa domin a gane inda suke zuwa. Idan muna duba jerin nan tare da dattijonmu, sai ya riƙa girgiza kai yana cewa wannan da akwai, wannan ma da akwai.

Ungulu ce ta fi ba shi takaici, ni ma haka. Ka tuna yadda suke jeruwa a kan katangar mayanka muna yara, har ba ma ɗaga kai mu dube su? To yaran da ke fita da mu yawancinsu ba su taɓa ganin ungulu da idonsu ba, a karin magana kawai suka san ta. A 2015 masana suka sa irin tamu ta gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma abin da ya cinye ta a ƙasar nan har da farautarta da ake yi ana sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu, da gubar da ake barbaɗa wa mushe. Tsuntsuwar da ke share mana gari kyauta!

Shi ya sa muka fi ba da ƙarfi a kan yara. Mukan shiga makarantun firamare na Sharaɗa da Panshekara idan shugaban makaranta ya ba da dama, musamman ranar 2 ga Fabrairu da ake tunawa da fadamu a duniya, da ranar tsuntsaye masu ƙaura da ake yi a Mayu da Oktoba. Wani lokaci kuma mu kai su gidan zu na Audu Bako, tun da ga shi nan kusa, su koyi riƙe madubi a kan tsuntsayen da ke sake a bishiyoyin ciki. Ba ma yi wa yaro faɗa don ya zo da danƙo a aljihu, mu ma da shi muka tashi, madubi muke miƙa masa. Sau da yawa mai danƙon ne ya fi kowa ido, shi ke fara hango abu a cikin ganye, kuma idan aka ce ya faɗi sunan tsuntsu a gaban 'yan'uwansa sai ka ga yana ji da kansa. Mujiya ce mai wuyar sha'ani, domin abin da aka gaya musu a gida ya riga ya zauna. Sai da mai gadin nan ya kai su wani tsohon sito, ya nuna musu dunƙulen gashi da ƙashi da mujiya ke amayarwa a ƙarƙashin inda take kwana, suka fasa da tsinke suka ga haƙoran ɓeraye, sannan suka fara yarda cewa aiki take yi mana.

Yanzu kuma lokacin baƙi ne. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu a bakin kogi yana kaɗa jela sama da ƙasa, nauyinsa bai fi giram 20 ba, daga Turai yake zuwa ya ƙetare teku da hamada, ya iso wajen Satumba ko Oktoba, sannan ya tara kitse ya juya a Maris zuwa Afrilu. Ta kanku yake wucewa, mutanen Maraɗi, zuwa da komowa. Ire-irensa da agwagin Turai dubbai ne ke sauka a fadamun Nguru, wurin da aka sa a jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a 2000, kuma ruwan da suke sha can, wani ɓangarensa ta bayan majemunmu ya bi.

To ga roƙona. Idan bazara ta yi, ka sa yaranka su lura da ranar da shamuwa ta fara sauka a unguwarku, su rubuta, mu ma za mu rubuta tamu a nan, mu gani ko wa take fara kai wa albishir ɗin damina. Kuma ka daure ka shigo kafin ƙarshen Maris tun baƙin ba su koma ba, ka kwana gidana, mu yi sammako zuwa Tamburawa, ka zo da takalmin da ba ka jin tausayinsa domin akwai laka. Maman yara na gaishe da mai ɗakinka, ta ce a tuna mata da alkawarin turaren wuta. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce muna yi mata addu'a, da su Baffa da duk mutanen majalisa.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Sharaɗa